Mai Tura Waƙa a Gujungu

Rumfata na tsakanin mai faci da mai tsire,
buhu uku na farke na yi mata rufi,
batirin mota guda, kwamfuta mai tsagaggiyar fuska.
Kawo katinka in cika maka shi da waƙa.
Shekara bakwai ina nan duk ranar kasuwa,
kunnena ya sha abin da bakina bai iya rerawa.

Na ji masu kalangu, na ji masu fiyano,
na ji tsohuwar da aka naɗa a waya tana daka,
da yaron da ya sayar da riɗinsa
ya je Ringim aka ɗauki muryarsa.
Ba su san juna ba, amma kamar sun haɗa baki:
wannan ya ce daɗi raɓa ne, hantsi ke lashe shi,
wancan ya ce kumfar nono ne a bakin ƙwarya,
wani ya ce fatake ne, da la'asar suke ɗaure kaya.
Ganga tana cewa a taso,
baiti yana cewa za a watse, ana ta rawa.

Ran nan Talle ya zo, sabuwar shadda na ƙara a jikinsa,
saura kwana shida a kai masa amarya.
Ya ce, zuba min na biki,
amma ka tace su kamar gasarar koko,
kada in ji wadda ta ambaci ƙarewa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya har batir ya fara haki.
Kowace takan fara da zuma,
kafin baiti na uku ƙudan ya iso da harbinsa.
Dubu huɗu gare ni, ban fitar da goma ba.
Na zuba masa kiɗa zalla, babu murya,
ya biya, ya hau babur, ya tafi yana kaɗa kai da murmusawa.

Bai daɗe ba sai ga Baba Jatau daga hayin kogi,
da kati ƙunshe a leda, leda ƙunshe a tsumma.
Ya ce, ambaliyar bara ta shiga ɗakina ta jiƙa shi,
Tabawa na ciki, ranar sunan jikarmu.
Bai ce ta rasu ba. Na gani a yadda ya miƙo shi.

Na hura, na goge da bakin riga, na sa, ya ƙi.
Na sake. A karo na biyar ya buɗe.
Ƙwarya kan ruwa, tafin mata, kukan akuya daga nesa,
sai muryarta, siririya, ta ɗan dushe:
wai murna tsuntsuwar gero ce, ba a ɗaure mata ƙafa.
Ba ta kai ƙarshen baitin ba dariya ta ƙwace mata,
wata ta ce, ke Tabawa, ƙarasa mana!
Nan ya yanke. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu.

Sau uku ya saurara, kunnensa manne da lasifika.
Ya ce, ka ji ta ko?
Tana faɗin ba ya zama, ga shi zaune a bakinta.
Na ƙi karɓar kuɗinsa, ya ajiye min goro ɗaya,
ya bi ta layin masu tabarma, bai waiwaya ba.

Kasuwa ta watse, na naɗe wayoyina,
mai tsire na yayyafa wa garwashinsa ruwa.

Da kasuwa ta zagayo sai ga Talle, ango sosai,
ya dire katin a gabana.
Ya ce, wannan kiɗa naka miya ce ba gishiri,
mutane sun taka kaɗan suka koma kan tabarma.
Mayar min da muryoyin,
har da masu cewa yana wucewa.